Sukundireba Mai Jar Ƙota

A masaƙa ba wanda ya san shi da wani suna sai Kunne. Shekara da shekaru, duk injin da za a saya sai an kira shi. Zai zaro dogon sukundirebansa mai jar ƙota, ya dafa bakin a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido. In ya ce a saya, an saya. In ya taɓe baki, to, mai kaya ya kama gabansa. Kai, an yi zamani!

Masaƙar ta rufe, ƙarar injinan kuma ta tafi da jinsa. Yanzu a gida sai an ɗaga murya, shi kuwa ya dage wai mutane ne suka koma magana ciki-ciki.

Ran nan 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ta ce ta ga wata tsohuwar akori-kura, tana so ta saya don jigilar kayan shagonta. "Baba, sai ka saurara min ita."

Ya ɗauki sukundirebansa, ya saka hula.

Motar shuɗiya ce, irin wadda masaƙa ke kai su gida da ita a da, har da doguwar kujerar nan mai warin man inji. Ya shafa ƙofa, ya leƙa ƙasa, ya duba hayaƙin salansa, yana ta jan lokaci. Mai motar ya buɗe bonet, ya bar injin yana aiki.

Kunne ya dafa sukundireba, ya manna kunne. Ƙarfen na rawa a hannunsa, amma shiru. Ya juya ɗaya kunnen. Shiru. Cewa "a saya" ba wuya, amma bai taɓa yi wa inji shaidar zur ba, balle abin da 'yarsa za ta hau.

Ya miƙa mata sukundireban. "Uwata, zo. Me kika ji?"

Ta manna kunne, ta lumshe ido, sak yadda take ganin yana yi tun tana ƙarama. Can ta matso, ta ɗaga murya: "Sumul yake tafiya, Baba, kamar keken ɗinkin Inna. Ba ƙwanƙwasa."

"To, a saya."

Ta miƙo masa sukundireban. Ya mayar da hannuwansa baya.

"Riƙe," in ji shi. "Ai yanzu kunnen yana wajenki."