Kwana Sittin Ɗin da Na Dogara da Su

Mun tashi daga Dammam ana idar da sallar asuba, ni da wani malamin tarihi da ke koyarwa a makarantar 'ya'yan baƙi. Riyad muka nufa. Aminina na shekara ashirin ciwon ƙoda ya hana shi aiki, an buga masa khuruj, bizar fita ba dawowa. Shekara huɗu ke nan ba ma ga maciji da shi. Na fito ne in nemi gafararsa ido da ido kafin ya tafi.

Hanyar ba ta da laifi, sai dai ba abin kallo. Yashi, shingen raƙuma, tirela bayan tirela. A wani gidan mai muka sha shayi da tamis, burodin nan mai faɗi. Shayin har da ƙarin kuɗi, ga shi ruwa-ruwa, ko ni da ban iya dafawa ba sai na fi su.

A nan Malam ya tambaye ni asalin rigimar. Na ce ƙungiyar 'yan garinmu ce, mu biyu muka kafa ta. Ni na ce mu jingina da wani attajirin Balarabe, kafilin yawancin mutanenmu, wato ubangidan da ya tsaya musu a biza. Shi ya ce a'a, ofishin jakadancinmu ne gatanmu. Ƙungiya ta dare biyu. A gaban jama'a na kira shi ɗan koren ma'aikatan jakadanci, shi kuma ya ce na sayar da mutane.

Malam ya girgiza kai. Ya ce haka aka yi a Amurka tana jaririyar ƙasa. Wasu suka ce Faransa ce ta taimake su samun 'yanci, ita za a bi. Wasu suka ce cinikinsu na Ingila ne. Kowa na kiran ɗan'uwansa yaron Turawan waje, har aka ƙona mutum-mutumin wakilin da ya ƙulla yarjejeniya da Ingila. Shugabansu na farko ya yi musu kashedi kan jam'iyyu da liƙe wa wata ƙasa, ba wanda ya ji. Na biyu da na uku, aminan gwagwarmaya, suka yi shekaru ba magana, sai da tsufa suka shirya ta wasiƙa.

"To ka ga, ai sun shirya," na ce. Raina ya ɗan yi sanyi.

Da hantsi muka shiga Riyad. Muka ratsa kasuwar Aziziya na sayi kwalin tuffa, don ban san abin da mai ciwon ƙoda yake ci ba. Daga nan sai Birnin Masana'antu na Biyu, inda masaukin aminin nawa yake. Juma'a ce, masana'antu shiru, kayan aiki a shanye a tagogi.

Abokin ɗakinsa, wani dattijo Bakatsine, shi ya buɗe. Na ga gado ba katifa.

"Alhaji, ai ya tashi ran Laraba."

Na ce yaya haka, ba kwana sittin ake ba mutum bayan an buga khuruj ba? Duk wanda na sani sai ya cinye su tas, yana sayayya yana ban kwana. Da su na yi ta lissafi ina jan aji, wai kada a ce na yi rawar jiki.

"Jikin ne ya ƙi. Da ya ji kana tafe, Juma'a uku yana sa a dafa shinkafar mutum uku. Wallahi mu biyu muke cinyewa."

Na ajiye wa dattijon tuffar, na karɓi lambar wayar aminin nawa ta gida.

A hanyar dawowa Malam bai ƙara zancen Amurka ba, ni ma ban tambaya ba. Kunya da baƙin ciki suka cika ni. Attajirin da na yi faɗa dominsa ko sunana bai riƙe ba. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: ka ɓata da naka a kan na waje, na wajen bai ma san ana yi ba.

La'asar sakaliya muka iso Dammam. Na tura wa aminin nawa saƙo, "Ka yafe mini." Yau kwana tara, ba a buɗe ba.