Tsarabar Alhaji Gwadabe Mai Gilashi

Duk wanda ya zauna a Haɗejiya a shekarun tamanin, in dai ya taɓa sa gilashin taga ko ya kai hoto a yi masa firam, ya san Gwadabe. Ɗan masunta ne gaba da baya, amma tun yana saurayi ya jingine koma ya kama yankan gilashi a bakin kasuwa. Abin da ya gada a gidansu ido ne. Ubansa kan hango motsin tarwaɗa a ruwan da ya yi jawur da laka. Shi kuwa sau ɗaya zai kalli taga, ya koma rumfa ya yanko gilashinta ba awo, a kawo a sa ya zauna daram. Idon nan shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa, ba shi da wata dukiya bayansa.

A shekarar 1989 Allah ya kira shi aikin Hajji. Suna jiran jirgi a Jidda ya leƙa wani kanti, ya ga abin da ya hana shi sukuni har ƙarshen ransa: akwatin gilashi cike da ruwan teku, da fararen duwatsu masu ƙofofi, kifaye na shige da fice a cikinsu. Wani rawaya kamar ƙwaiduwa, wani shuɗi kamar an tsamo shi daga marina. Mutumin da ya tashi cikin karfasa da gaiwa, duk masu launin taɓo, sai ya tsaya baki buɗe har mai kanti ya kawo masa kujera.

Alhazai suka dawo da haƙoran Makka da rediyo da dabino. Gwadabe ya dawo da buhu biyu, ɗaya gishirin teku, ɗaya busassun duwatsu. Matarsa Ma'u ta kwance bakin buhun, ta dube shi, ta sake duban buhun.

"Alhaji, duwatsun jifan Shaiɗan ne suka yi saura?"

Cikin mako guda ya haɗa akwatin gilashi mai tsawon kamu uku, ko ɗigo ba ya yoyo. Daga nan iliminsa ya ƙare, sai ya nemi Malam Irmiya, mutumin Zonkwa mai koyar da ilimin halittu a sakandare, wanda ya saba kawo masa aikin ɗakin gwaji. Malamin ya zo da wani tsohon littafi, ya tsuguna yana juya duwatsun da tsinke. Bai yarda ya taɓa su da hannu ba, Gwadabe kuma ya lura da haka.

"Alhaji, waɗannan ba duwatsu ba ne kamar na kan hanya. Gidajen halittu ne, kuma gawarsu na ciki. Za ka jiƙa su a duro da ruwan gishiri, ka rufe, ka riƙa canza ruwan duk kwana uku har warin ya mutu. Sai ka ba shi sati shida. Sannan a jera su a akwati, a jefa ɗan yankin ɗanyen kifi ya ruɓe, a jira wata guda. A lokacin ne wasu halittun da ido ba ya gani za su zauna a dutsen su riƙa cinye ƙazantar ruwan. Kafin haka duk kifin da ka saka, kabari ka saka shi."

Sai ya nuna wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu ruwan ƙasa da suka bushe a jikin dutse uku, kamar maɓallan riga.

"Waɗannan ne ba na so. Littafin ya ce wasunsu na da dafi, kuma bushewa ba lallai ta kashe shi ba. Kada ka kankare su. Abu mafi girma, don Allah, kada wuta ta kusance su. Tururinsu ya fi su sharri."

Gwadabe ya ce ya ji. Ya ji ɗin kuwa, irin jin da muke yi wa likita.

Damina ta yi nisa, kogi ya cika har ya fara lasar gonakin shinkafa, iska ta tsaya cak. Kwana huɗu da jiƙo duron ya fara magana. Gidan masunta ba baƙon ƙarni ba ne, amma wannan wari daban yake, mai nauyi, mai maƙalewa a maƙogwaro. Ma'u ta lura ƙuda ba ya sauka a bakin duron, ta faɗa, aka yi dariya. Ran da aka zubar da ruwa na uku, kazarta mai 'ya'ya ta yi kiwo a wurin, kafin azahar ta miƙe ƙafa. Aka ce gishiri ne ya yi mata yawa. Shi kansa Gwadabe wani ɗan yankan gilashi da ke babban yatsansa ya kumbura, hannun ya yi kwana biyu yana zugi. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki.

Maƙwabta suka fara aiko da gaisuwa mai ƙaya. Ana cikin haka Buba direba, mai kai bandar kifi Legas, ya zo da albishir: ya samo mai sayar da irin kifayen, zai taho da su nan da sati biyar, in ba haka ba sai wata shekara. Gwadabe ya lissafa da yatsu. Sati shida da wata guda ba sa shiga cikin sati biyar ko an tattaka su. Malam Irmiya kuwa ya tafi Zonkwa dogon hutu.

Ma'u ce ta kawo shawarar, kuma da zuciya ɗaya ta kawo ta. Mace ce da ta san aikinta. A wurinta babu ƙarnin da ya gagari tafasasshen ruwa da kanwa, haka ta ga uwarta na yi wa tukwanen man kifi, haka kowace mace ke yi a unguwar.

"Alhaji, ka ba duwatsun wuta da kanwa ungurnu, yini ɗaya an gama. Malamin nan boko ya sani, bai san madafa ba."

Ya tuna da gargaɗin sarai, kada wani ya ce mantuwa ce. Amma ya tuna da rawayan kifin nan, ya ji kamar zai kufce masa. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, a gidan nan kuwa rashin haƙurin ne ya hura wutar.

Da safiyar wata Talata aka tashi da ruwan sama, don haka a cikin madafa ya ɗora babbar tukunya, ya zuba kanwa da dutse ukun nan masu maɓallai, ya sakaya ƙofa saboda feshi. Ma'u ta tafi bikin suna a maƙwabta. Ruwa ya tafasa, kumfa mai launin toka ta taso. Ya ji ɗaci a harshensa kamar ya tsotsi tsohon kwabo. Maimakon ya fita, sai ya ɗaga murfi ya sunkuya, yana so ya gani da idonsa ko maɓallan nan sun saki. Ya daɗe a sunkuye.

Da la'asar zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya koma fito, idanun suka kumbura suka rufe ruf. Aka kai shi asibiti, daga nan aka wuce da shi Kano. Ƙirjin ya warke bayan sati uku. Idanun da suka buɗe, sun yi fari kamar gilashin da aka goge da yashi. Yana bambance rana da inuwa, iyakarsa ke nan.

Malam Irmiya ya dawo ya tarar da zance. Bai ce na faɗa maka ba, ya zauna a zaure ya yi hawaye. Ya haƙa rami mai zurfi ya binne dutse ukun da tukunyar, ya ci gaba da jiƙon sauran yadda littafi ya ce. Ya jera su a akwati, ya haɗa injin kumfa da batirin mota, ya jefa yankin kifi. Ruwan ya yi fari kamar ruwan tsari, ya yi kore, rannan aka wayi gari ya washe tas. Buba bai kawo kifayen ba sai da shekara ta zagayo. Ashe da ma akwai lokaci.

Guda biyu suka iso da rai, rawaya da shuɗi. Aka zaunar da Gwadabe a gaban akwatin, ya dafa gilashin da shi ya yanka. Ma'u na gefe, ita da ba ta ƙara haɗa ido da kowa ba tun ranar Talatar nan.

"Ma'u, ki daina ɗora wa kanki laifi. Ke kin faɗa, ni aka gargaɗa. Gaya mini, rawayan ya fito?"

"Ya fito, Alhaji. Ga shi yana leƙe ta ƙofar dutse."

Haka ya riƙa tambayarta kowace safiya. A bazarar 1993 zafi ya kashe kifayen biyu rana ɗaya. Ma'u ta kwashe su ta binne, ta roƙi malamin ya rufa mata asiri, ta ci gaba da ƙara ruwa tana kunna injin. Shekara biyar tana ba shi labarin inda rawayan ya shiga da yadda shuɗin ya kore shi.

Ana saura kwanaki ya rasu, Malam Irmiya ya zo dubiya, Ma'u ta shiga ɗebo masa ruwa. Gwadabe ya lalubo hannunsa ya rage murya.

"Malam, ni ɗan masunta ne. Na san ƙarar ruwan da babu kifi a ciki. Kada ka gaya mata."

Da ta dawo da kofin, ya juya fararen idanunsa wajen akwatin.

"Ma'u, rawayan ya fito?"