Daron Aurena a Kan Motar Yaya Hamidu

Duk wanda ya san Yaya Hamidu ya san ba a gaishe shi a fuska. Ƙafafunsa ake gayarwa. In ka shiga gidansa a Butalbagar, za ka tarar da ƙafa biyu sun leƙo daga ƙarƙashin mota, silifa ɗaya baƙi ɗaya shuɗi. Ka durƙusa ka ce musu ina kwana, murya ta amsa daga can ciki. In ka tambayi aiki kuwa, amsa ɗaya ce rani da damina: "Saura noti ɗaya."

Ni ce ƙanwarsa Zulai, wadda yake kira Auta har bayan na yi jikoki. Kuma ku sani, mu ba ƙananan mutane ba ne. Da fataucin goro kakanmu ya shigo garin nan tun ana ce masa Fort-Lamy, kuma a gidanmu ba a taɓa yin wanda ya kwanta a ƙasa da baƙin mai a riga ba sai Yaya. Shi ɗin ma ba makanike ba ne, tela ne. Da idonsa ya daina ganin kafar allura, ya bar wa ɗansa Isiyaku shago, muka ce to, tsoho zai zauna da carbi. Ina! Sai ya sayo wata 'yar a-kori-kura da ta girmi Isiyaku, ya raɗa mata suna Amarya.

Amarya tana tafiyarta, ba ta yi wa kowa laifi ba. Wata rana wani ɗan kalando, masu haya da babur ɗin nan, ya wuce shi a hanyar Habbena, har ya waiwayo ya yi masa dariya. Shi ke nan. Yaya ya je wajen masu tsofaffin kayan mota ya ɗauko injin wata kamiyo mai dakon buhuna. Maza shida suka rataya shi da sarƙa a reshen darbejiyar tsakar gida, reshe ya ɓalle. Matarsa Hajara ta fito tana cewa ga inuwar girkinta ta tafi. Ya ce mata, "Inuwa tana sake tsirowa. Inji ba ya tsirowa."

Da aka samu aka zaunar da injin, gaban mota ya sunkuya kamar mai ruku'u, ya jibga buhunan yashi a baya ta miƙe. Sai murfin gaba ya ƙi rufuwa, kan inji ya yi tsawo. Ya sa alli ya zana, aka yanke ƙarfen kamar wuyan riga. Tela dai! Saura abin da zai rufe ramin saboda ruwan sama. A nan ne ya zo gidana aron daro, wai Hajara za ta jiƙa gero. Na sauko masa da daron aurena mai jan fure. Kwana uku sai ga Amarya ta shigo layinmu tana ruri, darona a kife a kanta, an huda bakinsa an ɗaure.

Na ce, "Yaya, daron da Inna ta sa mini a kayan ɗaki?"

Ya ce, "Auta, shekara nawa yana saman kabad bai ga gari ba? Yau har gadar Shagwa ya gani."

Abin da bai taɓa ba shi ne birki. Injin kamiyo, birkin a-kori-kura. In zai tsaya ƙofar gidana, tun daga kasuwar Habbena yake fara takawa. Ya ɗinka wa kujerar gaba koriyar riga da hannunsa, da idon nan nasa, ya hana kowa zama, ya ce ta Auta ce. Ni kuwa kullum da uzurina: yau ƙafa, gobe baƙi, jibi azumi. Gaskiya kunya nake ji. Ni Hajiya Zulai, a gan ni a bayan darona?

To, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Aka tashi auren jikata Balki da ɗan wasu manyan 'yan kasuwa na unguwar Pari-Kongo. Ranar kawo lefe na aika wa Yaya cewa in zai zo ya hau kalando. Baƙi suka iso, motoci masu sanyi suka jeru, ana shigar da akwatuna ana guɗa. Can sai muka jiyo rurin. Ya wuce ƙofar gida, ya ɗaga mana hannu. Ya zagayo, ya sake wucewa. A na uku Amarya ta je ta tokare da tulin yashin maƙwabci, tururi na fita ta ƙarƙashin daro kamar ana turara dambu. Ya fito da babbar rigarsa ta salla, ya sauko da rago daga kan buhuna, gudummawarsa ke nan.

Kakar ango, Hajje Mariyam, ta ja bakin lafayarta ta toshe hanci, ta tambaye ni da Larabci wane ne wannan. Bakina ya riga ni. Na ce wani makaniken unguwa ne, saƙo aka ba shi.

Ashe yana bayana da igiyar rago. Ya rusuna, ya miƙo mini igiyar da hannu biyu, ya ce, "Hajiya, ga saƙon."

Daga ranar ban sake jin Auta a bakinsa ba. Bai yi gaba da ni ba. Yana zuwa suna, yana zuwa barka da salla, yana tsokanar jikokina, amma ni Hajiya, Hajiya. Bai kuma ƙara cewa in shiga mota ba. Sau biyu ina ɗaukar mayafi in tafi Butalbagar don in ba shi haƙuri. In tsaya a gaban ƙafafun nan nasa, sai in ji na ce yaya aiki. Murya ta ce, "Saura noti ɗaya, Hajiya." In gaida Hajara in juyo. Shekara biyu muna haka, kwana huɗu ya yi yana jinya ya tafi.

Ya bar wasiyya a kai shi da Amarya, Isiyaku ya ja. Mazan da suka dawo suka ce sai da suka wuce ƙofar maƙabarta, liman yana baya, hannu ɗaya a makara ɗaya a hula. Muna zaman makoki mata suna cusa baki cikin mayafi don ɓoye dariya. Har Hajara sai da kafaɗarta ta motsa.

Ranar uku Hajje Mariyam ta zo gaisuwa. Ta ga mota a ƙofa da daro, ta shigo ta gan ni a tabarmar masu karɓar gaisuwa. Ta sunkuyo ta ce, ba makaniken nan ba ne? Na faɗa mata da Larabci don ta ji da kyau, na maimaita da Hausa don ɗaki ya ji: "Yayana ne, ciki ɗaya. Daron ma nawa ne." Kowa ya ji, ban da wanda ya kamata.

Da aka yi bakwai na ce wa Isiyaku ya mai da ni gida. Ya kama hanyar neman tasi, na ce a'a. Na buɗe ƙofar Amarya da kaina na zauna a kan koriyar rigar nan, sabuwa fil, ko ƙura ba ta kama ba. Muka ratsa Habbena ana kallo, na bar tagar a buɗe. Mun wuce ƙofar gidana da gida uku.

Allah Ya jiƙan Yaya Hamidu, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sa ya tsaya daidai ƙofar Aljanna. Ni kuma Allah Ya yafe mini, Ya sa ranar da za mu gamu ya ɗago ya ce mini Auta.