Rabin Shafin Kawu

Jiya mai tsire ya naɗo mini nama a yagaggen shafin littafi, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Tsohon malamin makaranta ne a Kankia, ba ya tsallake takarda mai rubutu a ƙasa.

Wata ranar kasuwa, lokacin naira tana sabuwa, na tarar da shi a gindin darbejiya yana miƙar da rabin shafi a gwiwarsa, duk maiƙo da yaji.

Na ce, "Kawu, me za ka samu a nan? Ba farko ba ƙarshe."

Ya yi murmushi. "Ɗiyata, a ƙasar Girka an yi marubuta tarihi da littattafansu suka ɓace kaf. Da ba don wasu sun riƙa rubuta 'wane ya ce' ba, da ko sunansu ba a sani ba."

Bayan rasuwarsa gara ta cinye akwatin littattafansa. Amma har yau, daga Kusada zuwa Kafin Soli, in ɗalibansa sun haɗu, "Malam ya ce" ake ji. Ni ma ga nawa guntun. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya bar mana shi a bakunanmu.