Hoton da na ɗauka a gonar aro

Koyarwa ce sana'ata, shi ya sa ake kirana Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wurinmu. Tarihi da labarin ƙasa nake karantarwa a kolej. Amma na yi wasu shekaru ina aika wa wata jarida ta Yamai labarai daga ɓangaren Gidan Rumji, a lokacin da mutanen kudu suka riƙa ƙetaro iyaka suna gudun ƴan bindigar da suka hana su zama a garuruwansu. Da Faransanci ake buga jaridar, kuma yawancin masu karanta ta ma'aikatan buro ne, wato ofis, da ba su taɓa taka ƙauyukanmu ba. Ban daɗe ba na gane irin labarin da ke samun shiga. In na rubuta cewa wani gari ya buɗe rumbunansa ga baƙi, sai a ajiye labarin har ya tsufa. In kuwa an saci awaki ko an yi faɗa a bakin rijiya, aka ce da baƙo a ciki, to a makon zai fito. Ban taɓa rubuta ƙarya ba, kuma da wannan na daɗe ina lallashin kaina. Sai dai na koyi wace gaskiya ake sawa a gaba don edita ya gan ta da wuri.

A wani ƙauye na karkarar Sae Sabuwa akwai wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, wanda ya sauki wani magidanci da matarsa da ƴaƴansu mata uku. Bai san su ba kafin ranar da suka iso. Ya ba su ɗaki biyu a bayan gida, da damina ta matso kuma ya ara wa magidancin wani yanki na gonarsa.

Aron gona a wurinmu ba a rubuta shi. Mai gona zai kai ka ya nuna maka iyaka da ƙafarsa, a gaban mutum ɗaya ko biyu. Bayan girbi ka kawo masa dami ɗaya na hatsi, ba don yana bukata ba, sai don kowa ya ga har yanzu gonar tasa ce. Akwai kuma abin da mai aro ba ya yi: ba ya haƙa rijiya, ba ya dasa itace, ba ya gyaran wanda ya tarar. Manoman yankinmu, daga Agiye har Tibiri, sun daɗe suna barin tsiron gawo da kalgo a cikin gona, su rage masa rassa su bar biyu ko uku har ya zama itace. Wanda ya raini itace shi ke da shi, kuma wanda ke da itace yana iya tashi wata rana ya ce yana da haƙƙi a ƙasar. Shi ya sa mai aro yake nome kewaye da tsiro ya wuce.

Na san wannan duka. A gona na tashi kafin lakol, wato makarantar boko, da jami'a su ɗauke ni.

A shekarar magidancin ta biyu a ƙauyen, lokacin sharar gona, na hau moto, wato babur, na je don in rubuta labarinsa. Na same shi da hantsi yana tara kara. Mutum ne dogo, mai magana a hankali, kuma ya amsa duk abin da na tambaya, in ban da yadda aka yi ƙanensa ya rasu. Da na fito da waya don ɗaukar hoto, sai na ga babu komai a bayansa sai farar ƙasa. Can gefe na hango tsiron kalgo, shi kaɗai ne ɗanye a wurin. Na ce ya je ya kama reshe ɗaya, ya ɗaga addarsa kamar mai aiki.

Ya ce, "Malam, wanga icce ba nawa ba ne."

Na ce, "Ai ba sara za ka yi ba. Riƙewa ce kawai, yanzu mu gama."

Ya dubi wajen gari, ya dube ni. Sannan ya je ya tsaya yadda na ce, don baƙo ba ya iya musa wa ɗan abokin mai masaukinsa. Na ɗauka sau uku, na zaɓi wanda addar ta fi fitowa.

A cikin labarin na faɗi komai: ɗakunan, aron, damin da ya kai bayan girbi, da abin da dattijon ya gaya mini cewa shi ma kakansa daga kudu ya zo aka ba shi wurin zama. A ƙarshe na ƙara sakin layi ɗaya a kan yadda gonaki suka tsuke, magada suna ƙaruwa ƙasa ba ta ƙaruwa. Wannan ma gaskiya ne. Amma kafin in aika, na ɗauko shi daga ƙarshe na mai da shi farko, kuma na san dalilin da ya sa na yi haka.

Da jaridar ta fito, an cire maganar damin, an cire ta kakan dattijon. Kanun labarin na cewa baƙin ƙetare sun fara kafuwa a gonakin ƴan ƙasa, hoton kuma ya cinye rabin shafi. Na kira editan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mushe, tsoho ya yi wa baƙo alheri, madalla, Allah ya ba shi lada. Amma wa zai tsaya karanta wannan? Kuma maganar ƙarancin gona ai kai ka buɗe da ita."

Jarida ba ta zuwa ƙauyen, amma babban ɗan dattijon yana aiki a wani buro a Maradi. Ya ɗauki hoton shafin ya tura wa ƙannensa, ran Juma'a kuma suka hallara a gida. Washegari dattijon ya aika a kira ni. Na same su a rumfar ƙofar gida, shi a kan tabarma, ƴaƴansa huɗu a gefe.

Ya ce, "Mushe, ka iso? Zauna. An ce ka sa mu cikin takarda, har Yamai an san da mu."

Na ce, "Baba, kuskure aka yi, kuma nawa ne. Ni na ce ya kama reshen. Bai sari komai ba."

Babban ɗan ya ce, "Mun yarda, Yaya. To amma kai da ka yi jami'a, gaya mani: in gobe Baba ba ya nan, wani ya kai wanga hoto gaban alƙali, mi za mu ce?"

"Zan zo in yi shaida."

"Kai ma mutum ne, Yaya. Ana iya tura ka aiki wata jiha, ana iya wayar gari ba ka. Takardar kuwa tana nan."

Na so in ga muguntarsa, ban gani ba. Gonar ce za a raba tsakanin su da ƴan'uwansu mata, kuma bai faɗi abin da ba ya faruwa ba. Dattijon ya ce shi ya ba da aron da bakinsa, kuma ba zai tashi mutum daga gona ana jiran ruwa ba. Ƙaramin ɗan ya ce maganar ta riga ta kai ga mai gari, sauran waɗanda suka ba da aro ma hankalinsu ya tashi. Murya ta fara hawa tsakanin uba da ƴaƴa, abin da ban taɓa ji a gidan ba.

Ana cikin haka magidancin ya fito daga bayan gida. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gai da dattijon, ya gai da ƴaƴan ɗaya bayan ɗaya. Ni ma ya gaishe ni, har ya tambayi iyalina.

Ya ce, "Baba, ka yi mani abin da ubana kaɗai zai yi mani. Ba ni zama sanadin ɓacin rai tsakaninka da ɗiyanka. Gonar na maido, Allah shi saka."

Dattijon ya ce, "Ban ce ka maido ba."

"Na sani, Baba."

Ya tashi ya koma bayan gida, babu wanda ya hana shi.

Na rubuta gyara na aika. Bayan makonni aka buga layi huɗu a ƙasan wani shafi na ciki. Na zagaya nema wa magidancin wata gonar, har wurin wani kawuna a Cadawa. Kowa ya ce in yi haƙuri sai baɗi, wasu kuma sun ga hoton, ko da yake ba su ce sun gani ba. Shi kuwa magidancin ya ce ba zai iya zama damina guda yana cin hatsin wani da ƙarfinsa ba. Da ruwan shuka ya sauka, ya bar matarsa da ƴaƴansa a gidan dattijon, ya ƙetara ya koma gonarsa ta gado, a garin da ya gudo daga cikinsa. Ya riƙa kira har aka gama noman farko. Ana shirin maimai wayarsa ta daina shiga.

Na bar aika wa jaridar labari, amma ba na ƙirga wannan a matsayin wani abu. Barin bai rage ni da komai ba, kuma wani ya karɓi wurin. Abin da nake yawan tambayar kaina shi ne ko na manta da ƙa'idar itacen ne da gaske a ranar, ko kuwa na tuna na ga hoton ya fi. Wani lokaci ina ba kaina amsa ta farko. Ban taɓa gamsuwa da ita ba.

Matar magidancin tana nan a ɗakunan bayan gida. Da kaka, na je gai da dattijon, ta kawo mini ruwa ta durƙusa daga nesa. Ta ce, "Malam, an ce kai ke sa magana cikin jarida. Ko za ka sa cewa ana cigiyar maigidana?" Na ce mata jaridar ba ta kaiwa can, amma zan kai cigiyar gidan rediyo, wanda ake kamawa har ƙetare. Na kai, an karanta kwana uku a jere. Har yau babu wanda ya kira.