Indararon ɗakin mahaifiyata

Shekarun baya, a gidanmu na cikin Birni akwai wani indararo da ke zuba a tsakar gidan maƙwabcinmu. Mahaifina ne ya kafa shi lokacin da ya gina wa mahaifiyata ɗakin soro, kuma maƙwabcin da bakinsa ya roƙi a juya shi wajensa. Duk wanda ya zauna Damagaram ya san darajar ruwa. Da hadari ya haɗo, sai matarsa ta jera tuluna a ƙarƙashi, washegari ta leƙo tana yi wa mahaifiyata godiya. Ba a rubuta komai ba, goro kawai tsofaffin suka raba.

Bayan rasuwarsu, magadan maƙwabcin suka sayar wa wani ɗan kasuwa gidan nasu. Ya samo izinin gini daga meri, wato ofishin magajin gari, ya tayar da bene jikin bangonmu. Maginansa suka cire indararon, suka toshe wurin da siminti.

Na same shi da lalama, ya ce shi gida ya saya, bai sayi alkawarin mamata ba. Mai unguwa ya sa baki, bai ji ba. Sai na kai ƙara, ina taƙama da ɗan Faransancin da na kwaso a lakwal, har na ce wa mahaifiyata ta kwantar da hankalinta, magana ta zo hannun masu ilimi. Alƙali ya saurare ni da haƙuri, sannan ya ce a doka ruwan rufin kowa cikin filinsa yake zuba, sai in akwai yarjejeniya ko shaidu. Shaiduna kuwa duk suna maƙabarta.

Na kawo wa mahaifiyata labari. Sai ta ce, "Ruwan da ake zuwa yi mana godiya a kansa, shi ne yau ya zama laifi?"

Na kira magini ya duba, ya ce rufin wajen benen ya karkata, ba a juya shi sai an sauke. Ta ƙi, ta ce hannun mijinta ne. Damina ta faɗi, ruwa ya riƙa kwana a saman soron. Da ƙyar na lallaɓa ta ta koma ɗakina. Wata ranar da la'asar, ana tsakar ruwa, azara ta karye, rufin ya rufta muna kallo. Ni na yi kuka, ita ko ƙwalla ba ta zubar ba.

Na gina mata na siminti da kwano, ruwansa yana sauka cikin gidanmu yadda doka ta ce. Ban ƙullaci alƙali ba, gaskiyarsa ya faɗa, amma har yau abin yana ci mini rai. Ta tsufa a sabon ɗakin, mantuwa ta kama ta. Duk ranar da aka yi ruwa sai ta juya wajen bangon benen nan, ta ce mini, "Je ka duba ko sun fitar da tulunansu."