Gangar Baba da Na Binne a Cikin Dawa

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A shekarun da zan ba da labarinsu ni makaɗin biki ne a ƙasar Safana, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da daɗi. Daga Runka har Wagini, in ana biki ba a ga babur ɗina da fiyano ɗaure a baya ba, sai mata sun tambaya ko lafiya. Gidanmu gidan kiɗan noma ne tun kakanni. Baba ke buga ganga a wurin gayya, shi ke sa ƙato ya manta da ciwon baya. Da ya rasu aka rataye gangar a ɗaki, babu mai taɓa ta.

Yayana ne ya sayo fiyanon, na hannu, tsohon yayi wanda 'yan birni suka daina so. Ba ya tashi da kiɗa da kansa kamar na yanzu, kai za ka zauna ka gina sauti da maɓallai, ka rage nan ka ƙara can. Yaya ya kwashe damina guda yana fama da shi har ya fitar da muryar gangar Baba, har da 'yar rawar da take yi a ƙarshen bugu. Ranar da ya fara dannawa Inna na tankaɗe, ta ajiye rariya ta shige ɗaki. Ya adana sautin a cikin fiyanon, daga nan duk bikin da muka je da shi muke rufewa.

Wani mai gyara a Katsina ya taɓa buɗe shi, ya nuna mini ɗan batiri kamar maɓallin riga. Ya ce shi ke riƙe duk abin da aka adana, kuma ya tsufa, in dawo a kwafe sautukan a kati kafin a canza shi. Na ce to. A raina kuwa na ce abin da ya daɗe yana aiki ba yau zai mutu ba, ga masara tana neman gagarar mutane, wa ke ta batiri.

Sai 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu. Suka tare Yaya a hanyar gona, bai dawo ba, Allah ya jiƙansa. Da za mu gudu Batsari na yi abin da mutanenmu ke yi da kaya mai daraja, na naɗe fiyanon a bargo da leda, na tura shi can ƙasan rumbu, na zuba dawa a kai. Har ina yi wa maƙwabcina tsiya da na ga ya ɗauko keken ɗinki a ka. Na ce masa ko sun zo ɗibar hatsi sama-sama za su ɗiba su wuce.

Muka daɗe a Batsari ina acaɓa. Da 'yar Yaya ta gama makaranta ta tashi aure, ta zo ta durƙusa ta ce Baffa, ba ta son komai daga gare ni sai a kai ta ɗaki da sautin gangar da babanta ya gina a fiyanon. Na bugi ƙirji na ce ta ɗauka an gama. Na bi motar kaya da rana tsaka na je na tono fiyanon, ko ɓera bai taɓa shi ba. Na kawo gida na tada janareta, Inna da amarya suna zaune a tabarma. Na danna. Allon ya cika da wasu haruffa marasa kan gado, abin da ya fito kamar ana goga ƙarfe a dutse. Na bi maɓallan nan kaf, gangar ba ta nan. Da na kai wa mai gyara, ya ce batirin ya mutu tun tuni, abin da Yaya ya gina ya tafi, babu mai iya dawo da shi. Wallahi ranar na ji kamar an sake kashe mini shi.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Tambayata kawai ta yi ko na ɗauko gangar da ke rataye a ɗaki. Ban ɗauko ba, ko ɗakin ban leƙa ba. Na sake komawa na sami gangar fatarta ta tsage, wani dattijo a kasuwar Batsari ya ɗaura mata sabuwa. Na zauna ina koyo har tafin hannuna ya kumbura, kuma ranar kai amarya ni na buga. Inna ta ce ba hannun Baba ba ne, ba kuma sautin Yaya ba, amma duk wanda ya ji ya san gidan da kiɗan ya fito. Amarya dai ta yi kuka, ban tambaye ta na me ba.

Ina jan kunnen duk mai irin wannan tsohon fiyano: in mai gyara ya ce a kwafe, a kwafe ranar, kada a ce sai an samu sarari. Kuma abin da aka gada a koye shi da hannu tun masu shi na raye. Dabarata ta yi aiki, ɓarawo bai ga fiyanon ba. Amma abu ɗaya da Yaya ya bar wa 'yarsa a ƙarƙashin dawata ya mutu, ina Batsari ina ba mutane labarin wayona.